Tashe da Ɗorewa a Sana'ar Kiɗa: Misalin Ronnie Hawkins da Ƙungiyarsa

1.0 Gabatarwa

Abin da aka saba yi idan za a rubuta tarihin wani makaɗi na Amurka ko na Turai shi ne a ɗauko faya-fayensa a ƙidaya, a ce wannan an sayar da kaza, wancan ya kai matsayi na kaza a jadawalin kasuwa, sa'an nan a yanke masa hukunci a bisa wannan lissafi. Ma'aunin yana da sauƙi, ga shi kuma da alƙaluman da ke kwantar wa mai bincike da hankali. Amma fa yana da wata illa babba, watau tashe kurum yake aunawa. Shi kuwa tashe tamkar ruwan bazara yake, ya zubo da ƙarfi, kafin a kawo tulu ya ɗauke. Akwai makaɗan da tashensu bai wuce shekara 2 ba, amma suka ci abinci da sana'ar shekara 50 ko fiye, suka riƙe ƙungiya, suka sallami yaransu kowane mako, suka yaye waɗansu suka ɗauko waɗansu. Irin waɗannan ma'aunin faifai ba ya ganinsu ko kaɗan.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi sawun ɗaya daga cikinsu, watau Ronnie Hawkins (1935-2022), Ba'amurken da ya yi ƙaura zuwa Kanada yana ɗan shekara 23, ya kuma shugabanci ƙungiyar kiɗan rokanrol a can har tsufa ya ci ƙarfinsa. Faifansa da ya fi kowanne kasuwa bai wuce matsayi na 26 a Amurka ba, amma daga ƙarƙashinsa ne aka sami makaɗan da suka girgiza duniya. Za mu duba abin da ya ɗora shi a kan wannan hanya, da yadda ya tsara ƙungiyarsa, da abin da tsarin ya jawo masa na riba da na hasara.

2.0 Asalin kiɗan da asalin mutumin

Kiɗan da ake kira rokanrol ya bayyana ne a Amurka a farkon shekarun 1950, kuma tushensa yana cikin kaɗe-kaɗen baƙaƙen fata na kudancin ƙasar, musamman kiɗan bulus da waƙoƙin coci, waɗanda suka cuɗanya da kiɗan ƙauye na fararen fata talakawa. Wani mai gabatar da shiri a rediyon Cleveland, Alan Freed, shi ne ya yayata sunan tun daga 1951. A birnin Memphis kuma kamfanin Sun na Sam Phillips ya fitar da faifan Elvis Presley na farko a 1954, daga nan samarin fararen fata na wannan yanki suka yi ca a kan salon, har aka laƙaba wa irin nasu suna na dabam, watau rokabili. Kayan aikinsa ba su da yawa: jita mai lantarki, da babbar jita mai amon ƙasa, da fiyano, da ganguna, sai mawaƙi a gaba wanda ake so ya kasance mai kuzari da wasan jiki.

An haifi Hawkins ranar 10 ga Janairu 1935 a Huntsville ta jihar Arkansas, watau kwana 2 bayan haihuwar Presley. Ubansa mai aski ne, uwarsa malamar makaranta. Ya tashi a Fayetteville, ya shiga jami'ar jihar inda ya karanta ilimin wasannin motsa jiki, bai kuwa kammala ba. Wannan karatu bai tafi a banza ba, domin abin da aka fara saninsa da shi a dandali shi ne tsalle da alkafura da wata tafiya ta jan ƙafa da ake kira tafiyar raƙumi. A lokacin da ya yi ɗan zaman soja a Oklahoma ya yi waƙa da wata ƙungiya ta makaɗa baƙaƙen fata, abin da a kudancin Amurka na wannan zamani, inda doka ta raba jinsin biyu a makaranta da mota da gidan abinci, ba ƙaramin ganganci ba ne. Da ya fito sai ya kafa tasa ƙungiya ya sa mata suna The Hawks, ma'ana shahuna, daga sunansa, shi kuma aka riƙa kiransa Shaho har ya mutu. Cikin waɗanda ya fara ɗauka akwai wani yaro ɗan manomin auduga, Levon Helm, mai kaɗa ganguna, wanda sai da aka jira ya gama sakandare a 1958 kafin iyayensa su bar shi ya bi hanya.

3.0 Dalilin tafiya Kanada

A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin shawarar da Hawkins ya yanke a 1958 ita ce mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Yawon kiɗa a Arkansas da Oklahoma da Missouri da Texas aiki ne na dare ɗaɗɗaya. A yi wasa yau a nan, a kwashe kaya a kwana a hanya, gobe a yi a wani gari. Abin da za a samu ya dangana ga yawan waɗanda suka biya a bakin ƙofa da kuma amanar mai gidan rawa, ga faɗace-faɗacen mashaya, ga kuma makaɗa irinsa birjik kowa yana neman wuri. Wani abokin sana'arsa, Conway Twitty, wanda ya riga shi leƙa arewa, shi ya ba shi labarin cewa a lardin Ontario akwai masu sauraro, babu masu yi. Ta hannun wani dillalin makaɗa na birnin Hamilton, Harold Kudlets, aka sama musu wurin farko a wata mashaya mai suna Golden Rail. Tafiyar ta fi mil 1,000, a mota, ana jan kayan kiɗa a baya.

Abin da suka tarar ya saɓa da abin da suka baro. Tun daga 1947 dokar Ontario ta ba da izinin buɗe mashaya irin ta zamani a manyan garuruwa, masu su kuwa suna bukatar abin da zai zaunar da mutane. Saboda haka sukan ɗauki ƙungiya da yarjejeniyar mako guda ko makonni, a yi wasa dare 6, daga Litinin zuwa Asabar, ran Lahadi a rufe. Ladan kuma sananne ne tun kafin a fara. Bugu da ƙari, a waɗannan shekaru dalar Kanada ta ɗan ɗara ta Amurka daraja. Ga makaɗin da ya saba kwana a mota, wannan kusan aikin albashi ne. Ba da jimawa ba suka sami gindin zama a titin Yonge na birnin Toronto, a mashayar Le Coq d'Or, wadda ta zama tamkar fadar Hawkins shekara da shekaru.

A 1959 ne tashensa ya zo. Kamfanin Roulette na New York ya ɗauke shi, aka fitar da "Forty Days", wadda ta kai na 45 a jadawalin mujallar Billboard, sai "Mary Lou" wadda ta kai na 26. Aka nuna shi a talabijin a shirin Dick Clark, a 1960 kuma ya je Ingila. Lokacin ma kamar an share masa fage ne: Presley yana soja, Little Richard ya bar kiɗa ya koma wa'azi, auren Jerry Lee Lewis da 'yar uwarsa ƙarama ya zubar masa da mutunci, Buddy Holly ya mutu a haɗarin jirgin sama a Fabrairun 1959, a ƙarshen shekarar kuma aka kama Chuck Berry. Duk mai neman gadon sarautar rokanrol a wannan lokaci New York zai tare. Hawkins kuwa sai ya koma Toronto.

Masu rubutu da yawa sun ɗauki wannan a matsayin kuskure, ko kuma rashin babban buri. Ni a ganina akwai lissafi a ciki. Abu na farko, kasuwar faifai ta riga ta fara juya wa rokabili baya, tana neman samari masu sanyin murya, ga kuma binciken da majalisar dokokin Amurka ta shiga yi a 1959 da 1960 a kan toshiyar da kamfanoni ke bai wa masu sa faifai a rediyo, wanda ya karya Alan Freed kansa. Abu na biyu shi ne mutumin da ke riƙe da Roulette, watau Morris Levy, wanda aka daɗe ana danganta shi da manyan 'yan ta'addan New York, aka kuma same shi da laifin haɗa baki wajen ƙwace da barazana a 1988. Kuɗin faifai ta hannun irin wannan mutum yake biyowa, in ya biyo ke nan. Kuɗin mashaya kuwa daren Asabar ake ƙirga shi a tafin hannu. Da tsuntsun da ke sama gara wanda ke hannu.

3.1 Batun mallakar waƙa

Tun da mun ambaci waɗannan faya-fayen biyu, ba daidai ba ne a wuce ba a faɗi asalinsu ba. "Forty Days" waƙar Chuck Berry ce ta 1955 mai suna "Thirty Days", aka ƙara wa kwanakin 10. "Mary Lou" kuma ta wani baƙar fata ce, Young Jessie, ita ma ta 1955. Amma a jikin faifan Roulette sunan Hawkins aka buga a matsayin mai waƙar, tare da wani suna, Magill, wanda ba ya cikin ƙungiyar. Robbie Robertson ya ba da labari a littafinsa na 2016, Testimony, cewa shi ma da ya rubuta wa Hawkins waƙoƙi 2 yana yaro, ya tarar an liƙa wannan suna kusa da nasa.

Ga manazarcin waƙar baka wannan wuri ne mai jan hankali. Aron kari da amshi da jigo tsakanin mawaƙa tsohon abu ne a kiɗan bulus, kamar yadda yake a kowace al'adar da waƙa ke yawo a baka, kuma ba a ɗauke shi sata ba. Sai dai ranar da aka buga suna a jikin faifai, aka ce duk wanda sunansa ke nan shi ke da kaso a kowane ciniki, aro ya tashi daga gaisuwa tsakanin abokan sana'a ya koma cin haƙƙi. Kuma kusan kullum ta fuska ɗaya haƙƙin ke tafiya, daga baƙi zuwa fari. Hawkins bai taɓa ɓoye wurin da ya koyo kiɗansa ba, yakan yabi Bo Diddley da sauransu a fili, amma yabo ba ya biyan kuɗin haya. Ko da kamfani ne ya shirya abin, sunansa ne a jiki.

4.0 Ƙungiya a matsayin makaranta

Mutanen Arkansas da ya zo da su ba su jure sanyi da kewar gida ba, suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, sai Helm kaɗai ya tsaya. Tilas ta sa Hawkins ya koma neman 'yan ƙasa, kuma a nan ne baiwarsa ta gaskiya ta fito. Muryarsa mai kyau ce amma ba ta fi ta tsararrakinsa ba, bai kuma shahara da kaɗa wani abin kiɗa ba. Abin da Allah ya hore masa shi ne kunne da ido: ya ji yaro ɗan shekara 16 yana kiɗa a wata ƙaramar ƙungiya ta ƙauye, ya gane abin da zai zama nan da shekara 3.

Hanyarsa ta ɗaukar yara ita ce ya duba ƙungiyoyin da ke neman yi masa kishiya a garuruwan Ontario, ya zare wanda ya fi kowa a cikinsu. Ta haka ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, tasa ta ƙaru, ta wancan ta rage. Robbie Robertson, ɗan Toronto wanda uwarsa 'yar asalin ƙabilun farko na ƙasar ce, ya shigo a 1960 yana da shekara 16. A 1961 aka ɗauko Rick Danko daga yankin Simcoe, inda yake koyon aikin fawa, sa'an nan Richard Manuel mai fiyano daga Stratford. Na ƙarshensu, a ƙarshen wannan shekara, shi ne Garth Hudson na garin London ta Ontario, wanda ya girme su, ya kuma yi karatun kiɗa na makaranta. Iyayen Hudson ba su yarda ɗansu ya ƙare a mashaya ba, saboda haka aka yi wata dabara: aka ɗauke shi da sunan malamin ƙungiya, kowane yaro yana biyansa dala 10 a mako kuɗin darasi, aka kuma saya masa sabon ogan. Abin da aka fara da sunan rufa-rufa sai ya zama gaskiya, don kuwa ya koya musu.

Ba a ɗora sabon yaro a kan gurbinsa nan take. Robertson, wanda daga baya ya zama gwanin jita, da babbar jita mai amon ƙasa ya fara, yana tsaye kusa da Fred Carter, yana satar hannu. Danko ma sai da ya yi watanni yana koyon abin da za a ba shi kafin a sakar masa. Watau akwai mai gurbi, akwai mai jiran gado a bayansa, kuma mai gurbin ya san da haka. Wannan kaɗai ya isa ya hana kowa barci.

Sai kuma horo. Bayan an tashi daga wasa wajen ƙarfe 1 na dare, sau da yawa a nan ake fara bita, har gari ya kusa wayewa. Kowa ya sa kwat da laƙatayi, ya yi aski. Akwai tara a kan laifuffuka, ciki har da shan tabar wiwi da kuma kawo budurwa wurin wasa. Dalilin na biyun na kasuwa ne tsantsa: a lissafinsa 'yammata suna zuwa ne don samarin da ke kan dandali, maza kuma suna zuwa don 'yammatan, to in aka san samarin duk da masu su, ciniki ya faɗi. Na farkon kuwa tsoron hukuma ne, domin shi baƙo ne, kama yaro ɗaya da ƙwaya yana iya rushe masa zama gaba ɗaya.

Idan aka haɗa dare 6 a mako, da bitar bayan wasa, da rangadin da sukan koma yi kudancin Amurka lokaci lokaci inda masu sauraro ba su da haƙuri da mai wasa da aiki, za a ga yawan sa'o'in da waɗannan yara suka yi da kayan kiɗa a hannu tsakanin 1961 da 1963. Irin wannan ne ya faru ga The Beatles a mashayun Hamburg ta Jamus a kusan wannan lokaci, daga 1960 zuwa 1962. Mai son jin sakamakon sai ya saurari "Who Do You Love", waƙar Bo Diddley da Hawkins ya sake yi da su a New York a 1963. Ba ta yi kasuwa a Amurka ba, amma har yau ana lissafa jitar Robertson a cikinta cikin mafi zafin abin da aka ɗauka a wannan zamani.

Mai karatu da ya san yadda ƙungiyar makaɗan Hausa take, da jagora a gaba, da 'yan amshi da masu kiɗa a bayansa, da yaron da ya fara da ɗaukar kaya kafin a miƙa masa kalangu, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Hawkins ubangida ne a cikakkiyar ma'anar kalmar: shi ke neman wurin wasa, shi ke karɓar kuɗi ya raba, motar tasa ce, sunan nasa ne, ladabtarwa tasa ce. Amma kada a ja kamancen ya wuce inda ya tsaya. A wurinmu dangantakar yaro da ubangida takan haɗa da gado da jini da zaman gari ɗaya, kuma ko an rabu akwai kunyar da ke saura. A can kuwa babu abin da ya ɗaure yaro sai ladan mako, ga kuma kamfanonin faifai a gefe suna jiran wanda ya nuna. Ubangidan da ke horar da yara a irin wannan kasuwa, noma yake yi wa wani.

5.0 Rabuwa

Haka kuwa aka yi. Wajen ƙarshen 1963 zuwa farkon 1964 yaran suka tashi gaba ɗayansu, har da Helm. Dalilan da suka bayar daga baya, musamman a littafin Helm na 1993, This Wheel's on Fire, sun haɗa da kuɗi, da tarar da suka gaji da ita, da kuma cewa shi maigidan, wanda ya yi aure a 1962, ya fara ƙin zuwa wasu darare yana bar musu aikin alhali kasonsa bai ragu ba. Amma babban dalilin na kiɗa ne. Su sun karkata ga bulus da salon baƙaƙen fata na sabon yayi, suna son su yi nasu waƙoƙi, shi kuwa ya san abin da masu shan giyar titin Yonge ke biya su ji, ba ya son a taɓa shi. Kowannensu da gaskiyarsa. Sun fi ƙarfin aikin da yake ba su, shi ne kuwa ya sa suka fi ƙarfinsa.

Sauran labarinsu sananne ne. A 1965 Bob Dylan ya ɗauke su su raka shi lokacin da ya koma kiɗan lantarki, suka sha ihun masu sauraro a Amurka da Turai har 1966. A 1968 suka fitar da Music from Big Pink da sunan The Band, a Janairun 1970 kuma hotonsu ya hau bangon mujallar Time. Shi kuwa Hawkins yana nan titin Yonge.

Abin lura shi ne bai karaya ba, bai kuma canza hanya ba. Ya ɗauko waɗansu yaran ya sake farawa, cikinsu har da Domenic Troiano wanda ya gaji gurbin Robertson. Su ma suka tafi. John Till da Richard Bell sun bar shi suka shiga ƙungiyar Janis Joplin ta ƙarshe, wadda ta yi faifan Pearl da ita kafin mutuwarta a 1970. Waɗanda ya sallama a wannan shekara suka zama Crowbar, suka yi tashe a Kanada a 1971. David Foster, wanda daga baya ya zama ɗaya daga manyan masu shirya faifai a Amurka, ya zauna da shi ɗan lokaci yana kaɗa fiyano. Sai abin ya zama kamar makarantar allo, kowace shekara ana sauka, malam yana nan a zaurensa. Ya kamata a tuna cewa a shekarun 1960 Kanada ba ta da wata masana'antar faifai ta kirki, rediyonta kuma kayan Amurka da Ingila yake sawa, sai a 1971 ne hukuma ta wajabta wa tashoshi su ba kiɗan gida kashi 30 cikin 100. Kafin wannan doka, ɗan Ontario mai son ya koyi rokanrol a matsayin sana'a ba shi da wurare da yawa da suka wuce ƙungiyar wannan baƙo.

6.0 Rayuwa bayan tashe

Daga nan tarihin Hawkins ya zama na mutumin da duniya ke tunawa da shi jefi-jefi, ta ɗaga shi, ta ajiye, shi kuwa ya koma bakin aikinsa. A Disambar 1969 John Lennon da matarsa Yoko Ono suka sauka a gidan gonarsa da ke kusa da Toronto lokacin da suke yaƙin neman zaman lafiya, 'yan jaridar duniya suka cika masa gida. A wannan shekara ta 1969 ne kuma aka kai shi Muscle Shoals ta jihar Alabama ya yi faifai tare da Duane Allman, Lennon ma ya yi masa talla a rediyo, amma waƙar da aka sa wa rai, "Down in the Alley", ba ta yi nisa ba a Amurka. Faya-fayen da ya yi wa kamfanin Monument a 1972 da 1974 su ma haka.

Ranar 25 ga Nuwamba 1976 The Band suka yi wasan bankwana a zauren Winterland na San Francisco, suka gayyato manyan da suka yi hulɗa da su, Hawkins ne kuwa baƙon da aka fara kira dandali. Ya yi "Who Do You Love" da yaransa na da, yana yi wa jitar Robertson fifita da hularsa wai kada ta kama wuta. Martin Scorsese ya ɗauki wasan ya fitar da shi a fim mai suna The Last Waltz a 1978, kuma yawancin mutanen duniya da suka san fuskar Hawkins ta waɗannan 'yan mintoci suka san ta. Akwai abin tausayi a ciki, akwai kuma abin sha'awa: ubangida ya zo baƙunci gidan yaransa, ga shi kuwa babu alamar ƙyashi a tare da shi. A wannan shekara ta 1978 ya fito a fim ɗin Dylan, Renaldo and Clara, inda aka ba shi matsayin Dylan kansa, a 1980 kuma ya fito a Heaven's Gate, fim ɗin da hasararsa ta durƙusar da kamfanin United Artists.

Duk waɗannan ado ne. Abin da ya ciyar da shi a shekarun 1970 da 1980 da 1990 shi ne dai abin da ya fara da shi: mashaya, da bukukuwan gari, da tarurrukan kamfanoni, da rangadi a mota daga wannan lardi zuwa wancan, da ɗan shirin talabijin a farkon shekarun 1980. A nan ne ake ganin amfanin rashin dogara ga faifai. Wanda waƙa ɗaya ta ɗaga, ranar da aka gaji da waƙar an gaji da shi. Hawkins kuwa abin da yake sayarwa shi ne daren kansa, watau ƙungiya mai zafi, da barkwanci, da labaran da yake shararawa tsakanin waƙa da waƙa, waɗanda shi da kansa ba ya rantsuwa a kan gaskiyarsu duka. Wannan haja ba ta tsufa da wuri. Da ƙafa ta daina alkafura, sai baki ya karɓi aikin.

Girmamawa ta zo a hankali. Ya sami lambar Juno ta Kanada a 1982. A Janairun 1993 ya yi wasa a bukukuwan rantsar da Bill Clinton, ɗan jiharsu wanda ya san kiɗansa tun yana saurayi. A 1995 aka yi masa bikin cika shekara 60 a zauren Massey Hall na Toronto, Carl Perkins da Jerry Lee Lewis da ragowar The Band suka halarta, aka fitar da shi a faifai mai suna Let It Rock. A 2002 likitoci suka ce yana da ciwon daji, irin wanda ba a cika tashi ba, aka ba shi 'yan watanni. Abokai suka taru aka yi ta bankwana, birnin Toronto ya keɓe ranar 4 ga Oktoba da sunansa. Sai ciwon ya ɓace, ya ƙara shekara 20 a duniya, abin ya zama ƙarin labari cikin labaransa.

A 2013 aka ba shi lambar girma ta ƙasar Kanada, amma ta ban-girma ce irin wadda ake ba baƙi, domin duk da ya sami izinin zama na dindindin tun 1964, bai taɓa sakin takardar zama ɗan Amurka ba. Gidansa na bakin tafkin Stoney, wanda ya riƙe tun wajen 1970, an sayar da shi a 2017 a kan kuɗin da bai kai rabin abin da aka fara nema ba. Ya rasu ranar 29 ga Mayu 2022 a Peterborough yana da shekara 87. Cikin yara 5 da suka bar shi a farkon shekarun 1960, uku sun riga shi: Manuel a 1986, Danko a 1999, Helm a 2012. Robertson ya bi shi a 2023, sai Hudson, malamin dala 10, a Janairun 2025.